Inda Wuta Ke Fitowa Daga Ruwa

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 kusan duk Arewa ta shiga duhu na sama da mako guda. Daga Kaduna har Kano da Katsina masu walda suka rufe shago, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, asibitoci suka koma kan janareta. Kamfanin da ke dakon wuta a ƙasa, TCN, ya ce an lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, dajin da turakun suke kuma ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, sannan layin da ake lallaɓawa da shi ta Makurɗi da Jos shi ma ya lalace. Mu mutanen Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara rashin wuta ba baƙonmu ba ne, daji mai hana shiga kuwa mun san shi fiye da kowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan nan Shiroro da kowa ke ambata a rediyo da majalisa, alhali a cikinmu da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin wurin. Tun lokacin na ƙudurta zan je in ga ƙasar da wutar nan ke fitowa, in ga kuma mutanen da ke zaune a bakinta.

Akwai wata dangantaka tsakaninmu da ƙasar da ba kowa ya lura da ita ba. Kudancin Katsina tudu ne mai raba ruwa. Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau ya zagaya Sakkwato da Birnin Kebbi, sannan ya faɗa kogin Neja a sama da Yawuri. Rafukan da suka gangara kudu kuwa ta ƙasar Birnin Gwari suke bi, su shiga Mariga, Mariga ta kai su kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa su ga Neja. Duk ɗigon da ya sauka a gonakin masararmu, in bai nutse a ƙasa ba, can ya nufa. Wanda ya bi ta Sakkwato har sai ya ratsa injinan Kainji da na Jebba kafin ya ga teku.

Bayan an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, muka kama hanya da sassafe ni da wani ɗan'uwana direba wanda ya daɗe yana kai hatsin kasuwar Ɗandume kudu. Hanyar Birnin Gwari muka bi. Shekaru mutane sun ƙaurace mata, sai bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanun garin, manyan motoci suka dawo. Duk da haka ba wanda ke binta da sakin jiki. Kana tafe kana wuce ƙauyukan da rufinsu ya rufta, gonaki sun koma saura, sai jefi-jefi ka ga sabon jinka da hayaƙi, alamar masu gida sun fara dawowa. Daga Birnin Gwari muka shiga Jihar Neja ta Pandogari, muka wuce Kagara da Tegina. Waɗannan sunaye biyu duk ɗan Ƙanƙara ya san nauyinsu, domin bayan ɗalibanmu da aka kwashe a Disambar 2020, na Kagara ne suka biyo baya a Fabrairun 2021, sannan yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu. Direbana bai ce komai ba a wannan tsakanin sai salati.

A Tegina muka karya kudu zuwa Zungeru. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauke shi ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa da gada, ya wuce. Nan ne Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya kafa hedikwatarsa a 1902 bayan ya baro Jebba, daga nan aka shirya yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903, nan kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 da Odumegwu Ojukwu a 1933. Da aka mayar da mulki Kaduna garin ya koma barci, har ƙaramar gadar ƙarfen Lugga aka ciccire aka kai Kaduna. Madatsar ruwa ce ta sake tashinsa. An fara aikin a 2013 da kuɗin da ya kai dala biliyan 1.3, mafi yawansa bashi daga bankin ƙasar Sin, kamfanonin Sin ne kuma suka gina. Injina huɗu ne, kowane megawat 175, jimla 700. A farkon 2024 aka miƙa gudanar da ita ga kamfanin Mainstream, wanda tun 2013 yake riƙe da Kainji da Jebba.

Ba a barin baƙo ya matsa kusa, amma daga nesa ma ana ganin katangar ta tare kwarin kogin Kaduna daga dutse zuwa dutse, bayanta kuma sabon tafki ya shimfiɗu. Ruwan bai daɗe da hawa ba, don haka har yanzu kawunan itatuwa a waje suke: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, sun bushe sun yi fari, tsuntsaye na sauka a kansu. Wani magidanci da na tarar yana ɗinkin koma a bakin ruwan ya nuna mini wata tsamiya can ciki da leɓensa. Ya ce, "Malam, a gindinta muke sallar idi." Shi manomin doya ne da dawa, kamun kifi da girma ya koya, domin gonar tana ƙarƙashin inda yake jefa koma. Ya ce an zo an ƙidaya ɗakuna da itatuwa, an biya wasu, wasu suna jira, amma ko wanda aka biya kuɗin ɗaki aka ba shi, fadamar da ta ciyar da kakanninsa ba ta da farashi a takardar. Ƙauyukan ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da Wushishi da ruwan ya taɓa, kusan duk labarinsu ke nan.

Daga Zungeru muka bi ta Minna, muka ɗauki hanyar Gwada da Kuta zuwa Shiroro. Ita ce babbar yayar Zungeru a kan kogi ɗaya, tana sama da ita, an buɗe ta a 1990, tana da injina huɗu masu ba da megawat 600. Da duwatsu aka cike ta, tsayinta mita 115, an dasa ta a wani matsattsen kwazazzabo. Ƙasar Gbagyi ce, mutanen doya da haƙuri. Ranar kasuwar Zumba muka isa, kasuwar da ke daf da madatsar. Jirage suna ta isowa daga ƙetaren tafkin, kowane ya nutse har baki da buhunan masara, doya, awaki, babura, mata da goyo. Kafin a tare kogin, da rani da ƙafa ake haye shi a wurare da yawa. Yau mutanen ƙetare, na yankin Lakpma, in za su zo kasuwa ko asibiti ko sakatariya, ko dai su hau ruwa ko su yi dogon zagaye ta daji.

Dajin nan kuwa shi ne wanda aka ce ba ya shiguwa. A Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure, cikin wannan ƙaramar hukuma. Makarantun Kuta da Gwada da Zumba sun cika da 'yan gudun hijira. Tafkin da aka yi don wuta ya zama iyaka: wannan gaɓa akwai soja saboda madatsa, waccan gaɓa kuwa sai yadda Allah ya yi. Na zauna da wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin wata makarantar firamare inda take kwana. Na ce, "Inna, daga ina?" Ta ce sau biyu ke nan tana tashi. Na farko tana amarya, ruwa ya kore su. Na biyu da jikoki, bindiga ta kore su. Ta ɗaga kai ta dubi manyan wayoyin da suka ratsa ta saman makarantar suna ƙugi, ta ce, "Ɗana, ka ji su? Dare da rana haka suke. Ni ban taɓa kwana a ɗaki mai ƙwan lantarki ba." Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A nan na fahimci duhun da ya same mu a 2024. Turke ba ya tsare kansa. Mutanen da ke kewaye da shi ne ke tsare shi, in suna nan. Da aka bar su suka watse, layin ya zama na wanda ya ga dama.

Muka koma Tegina, muka miƙe yamma ta Kwantagora har Yawuri a Jihar Kebbi. Wanda ya tashi a inda gulbi ke ƙafewa da rani, ganin ruwan Yawuri sai ya sa ya tsaya. Nan ne kan tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya kai kilomita 136, faɗinsa a inda ya fi buɗewa kilomita 24. A cikin hazon hunturu ba ka ganin ɗaya gaɓar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan ƙaruwa yake yi, ga shi an yi watanni ba a ga hadari ba. Masunta suka warware mini. Cikowa biyu kogin ke yi a shekara. Ta farko ta damina ce, ruwanmu na kusa, mai laka, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, shi ake kira farin ruwa. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a duwatsun Gini, ya shiga fadamun Masina a Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya ajiye lakarsa a can, sai ya iso nan garau cikin sanyi. Shi ne baƙin ruwa. Wannan cikowa ta biyu ce ke sa Kainji ta iya ba da wuta da rani lokacin da kogin Kaduna ya ja baya.

A kan wannan cikowa da janyewa Gungawa suka gina rayuwarsu tun kafin a san da wani abu wai shi lantarki. Mutanen tsibirai ne, su ne asalin ƙasar Yawuri tare da Kambari da sauransu. Ruwa na janyewa su bi shi da dashen albasa a kan lakar da ya bari, suna ban ruwa da ƙwarya, su yi gero a tudu, su kama kifi a tsakani. Albasar Yawuri ta yi suna har kudu. Sarkawa, masuntan da suka gangaro daga Kabi, suna da ruwansu. Fulani kuma da rani suna da burgu, ciyawar nan mai zaƙi da ke fitowa a fadama. Kowa ya san lokacinsa da wurinsa.

An fara gina Kainji a 1964, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin. An toshe kogin a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan ya haɗiye garuruwa da ƙauyuka sama da 200, aka tayar da mutum kimanin 44,000. Babban tsibirin Foge ya nutse, haka tsohuwar Busa, fadar sarakunan Borgu. Gwamnati ba ta watsar da mutanen ba, gaskiya ce a faɗa: ta gina musu dubban gidaje na bulo bisa zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson. Har yau ana ganinsu a ƙauyukan gaɓar, ɗakuna masu rufi a lanƙwashe, sun jeru. Na shiga ɗaya da izinin mai gidan. Da tsakar rana ne, zafin ciki ya fi na waje. Buhunan shinkafa da ragar kifi ke ciki. Shi da iyalinsa suna kwana a ɗakunan ƙasa da suka gina a gefe da hannunsu. Ya ce mahaifinsa ya gaya masa ba ginin ne ya fi damunsu ba. An ɗauke su daga bakin ruwa an ajiye su a tudu mai tsakuwa, mai albasa kuma in ka raba shi da laka ka raba shi da sana'a. Da yawa suka bar sababbin gidajen suka bi sabuwar gaɓa, inda tafkin ke janyewa mita goma a shekara, suka sake koyon lokutansa daga farko.

Kifi ma ya yi nasa juyin. Shekarun farko bayan cikar tafkin an yi kamun da ba a taɓa gani ba, sama da tan 28,000 a shekara guda a farkon shekarun 1970, saboda ciyayi da itatuwan da suka ruɓe a ƙasa sun zama abinci. Masunta suka kwararo daga ko'ina. Kafin shekarun su ƙare kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. A kasuwar kifin Yawuri na ga yadda abin yake yanzu. Akwai giwan ruwa, amma ɗaiɗai, kuma kafin ta taɓa ƙasa dillali ya saye. Akwai karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, an banda su sun yi baƙi ana jera su a kwali za a kai Onica da Legas. Abin da ya fi yawa shi ne warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a tabarma suna ƙyalli. Da dala ake jan su, ragar da idonta bai fi na gidan sauro ba, wadda ke kwashe har 'ya'yan manyan kifi. An hana ta, amma ba ta ɓace ba. Wani tsohon Basarke ya ce da ni, "Ɗan'uwa, kowa ya san dala tana cin gobe. To yaro na kuka yau."

Daga Yawuri muka gangara ta gabashin tafkin, ƙasar Ngaski, zuwa Wara. A nan ne ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da sama da mutum 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba. Lodi ya yi yawa, jiragen katako ne da suka tsufa, ba mai rigar ruwa. Akwai kuma abin da matuƙa suka fi tsoro: kututture. Dajin da aka nutsar a 1968 ba a sare shi duka ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya sai su matso daf da sama inda ido ba ya gani. Na hau wani jirgi zuwa wani ƙauye na kusa don in gani da idona. Wani yaro ya zauna a goshin jirgin da gora a hannu, idonsa a kan ruwa, yana yi wa matuƙi alama da hannu, dama, hagu, dama. Matuƙin ya ce hanyar a kansa take, ya gaje ta daga ubansa, wanda ya san inda kowace kuka da kowane gawo suke tun suna a tudu. Da na tuna itatuwan Zungeru masu kai a waje, sai na ga nan da shekaru su ma haka za su koma.

Ta Auna muka isa madatsar kanta. Hanya ta bi ta kanta: a dama tafki ya cika ya yi lum, a hagu can ƙasa kogi yana fita da ƙarfi yana kumfa. Tsayinta mita 65. An tanadi gurbin injina 12, aka sa 8 masu megawat 760, kuma shekaru da yawa ba dukansu ke aiki ba, har akwai lokacin da tashar ta kusa tsayawa cak kafin a farfaɗo da ita. Wanda ya tsaya a nan ba zai raina aikin ba. Ruwa ne kawai ke faɗowa ta cikin manyan bututu ya juya ƙarfe, ba hayaƙi, ba gas, ba dizal, sama da shekara 50. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai a Kano da wannan wuta suka yi tashe. Madatsar ta kuma nutsar da guraren da ruwa ke gudu a kan duwatsu, inda ƙudan da ke makantar da mutane ke hayayyafa, ko da yake ruwan da ya kwanta ya ƙara yawan tsargiya a tsakanin yara.

Sabuwar Busa gari ne da aka zana a takarda kafin a gina, titunansa a miƙe. Nan fadar Sarkin Borgu take yanzu, nan kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin nazarin tafkin. Tsohuwar Busa ita ce wurin da Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ya halaka a 1806 a tsakanin duwatsun kogi, bayan ya wuce Yawuri. Clapperton ya zo neman labarinsa a 1826, 'yan'uwan nan Lander suka biyo a 1830 suka bi ruwan har teku. Duwatsun da garin duk suna ƙarƙashin tafki. Dattawan da aka haifa a can suna raguwa, kuma in suka ƙare ba wanda zai iya nuna inda kasuwa take ko inda aka binne sarakuna.

Wutar Kainji ba a Nijeriya kaɗai take tsayawa ba. Akwai layin da ya bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma shekaru da dama mafi yawan wutar Jamhuriyar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Hikimar a bayyane take: maƙwabcin da ke sama da kai a kogi, in ka ba shi wuta, ba ya gaggawar tare ruwa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka yanke layin a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, Yamai da Dosso suka yi watanni a wahala kafin a mayar a 2024. Nijar kuwa tana gina tata madatsar a Kandaji, cikin jihar Tillaberi, mai megawat 130, wadda ita ma za ta tayar da dubban mutane a yankin Ayoru. Baƙin ruwan da Bagunge ke jira a Yawuri ta ƙofar Kandaji zai riƙa biyowa. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar kogin Neja mai mazauni a Yamai, kuma abin da aka yanke a can yana isa har gonar albasa.

Daga Sabuwar Busa muka bi gefen dajin Zugurma zuwa Mokwa. Mun tarar da garin yana cikin makoki. Da asubahin 29 ga Mayu, 2025, bayan ruwan sama mai yawa, ambaliya ta afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta kashe sama da mutum 150, wasu da yawa ba a gan su ba har yau, cikinsu da almajirai. Da farko an yi ta cewa madatsa ce aka buɗe, amma Mokwa ba a bakin kogin Neja take ba. Ruwan sama ne ya taru a bayan gadon titin jirgin ƙasa har ya fasa. Saurin da mutane suka yi na zargin madatsa yana da dalili. A ƙasa da Jebba da Shiroro, cikin fadamun Nufawa masu shinkafa, duk shekarar da tafkuna suka cika aka buɗe ƙofofi, kamar 1999 da 2012 da 2018 da 2022, gonaki da gidaje ne ke tafiya. Muregi, inda Kaduna ta haɗu da Neja, ta sha wannan har aka yi mata sabon mazauni. Na sama ruwa ya cinye ƙasarsu sau ɗaya. Na ƙasa kuwa sai su shuka ba su san ranar da zai zo ba.

A Jebba tafiyar ta tuƙe. Madatsarta mai injina shida da megawat 578 ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1980, tana sake amfani da ruwan da Kainji ta saki. Daga kan gada ana ganin dogon dutsen nan da ke tsaye a tsakiyar kogi, ana ganin tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ta haɗa Arewa da Kudu. In ka haɗa huɗun, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ƙarfinsu ya haura megawat 2,600, a ƙasar da wutar da ake rabawa kullum take yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Babban kaso ne na hasken Nijeriya, kuma dukansa daga ƙasar Gbagyi da Gungawa da Kambari da Bussawa da Nufawa yake fitowa.

Ƙasa ta amsa cewa akwai bashi a kanta. A 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, amma sai da aka shafe shekara goma kafin ta fara aiki a Minna. Ta raba rigunan ruwa, ta haƙa rijiyoyi, ta fara sare kututture. Na ga rigunan a wasu tashoshin jirage, na kuma ga tashoshin da ba ko ɗaya. Abin da na ji mutane na nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ƙauyen da aka tayar saboda wuta a kai masa wuta, da taransifoma ko da sola. A sare kututturen hanyoyin jirage a kafa alamu. A sa jirgin ƙarfe mai inganci a manyan mashigai kamar Zumba da Wara. Kafin a buɗe ƙofar madatsa, saƙo ya isa ga mai unguwa da harshen da yake ji, da sauran lokacin da zai kwashe shinkafarsa. Diyya kuma ta lissafa fadama da makiyaya da wurin kamun kifi, ba ɗaki da bishiyar mangwaro kaɗai ba. Sama da duka, a tsare mutanen ƙetaren ruwa kamar yadda ake tsare katangar.

Ba na cikin masu cewa da ba a gina madatsun ba. Arewa tana bukatar wuta fiye da wadda take samu, kuma za a ci gaba da tare koguna. Maganar madatsar Mambila tana nan, Kandaji na tafe. Abin da nake roƙo shi ne mu da muke nesa, masu jiran a kawo wuta mu yi niƙa mu yi caji, mu san cewa akwai waɗanda suka biya kuɗinta kafin mu, da gonakinsu da kaburburan iyayensu. In wakilanmu na Katsina da Kano suka tashi a majalisa suna tambayar me ya sa layin Shiroro ya faɗi, su haɗa da tambayar me ya sa tsohuwar da ke kwana a ƙarƙashinsa take kwana a aji, kuma yaushe za ta koma gida. Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, kuma ba za a gyara na farko ya ɗore ba sai an gyara na biyu.